Kwana uku a gidan Tasi'u

Da hannuna na rubuta sunan Tasi'u a takardar 'yan sandan China, da shuɗin biro, harafi bayan harafi, har ina nuna wa jami'ar yadda ake furta shi. Babu wanda ya tilasta ni. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ko da yake Allah ya sani, akwai ranakun da nake nema.

Tasi'u aminin maigidana ne tun suna firamare a Fagge. Shi ne babban abokin ango a bikinmu, shi ya raɗa wa 'yarmu Walida suna ranar da zazzaɓi ya kwantar da babanta. Shekara goma sha biyu ke nan da ya koma Guangzhou yana haɗa wa 'yan kasuwar Kantin Kwari kaya, kuma duk Sallah in ya kira, maganarsa ɗaya ce: "Matarmu, yaushe za ku zo? Gida fa naku ne." Ni kuwa malamar jogarafi ce, shekara goma sha tara ina zana wa yara taswirar Asiya a allo, alhali ko Maraɗi ban taɓa wucewa ba. Da muka samu hali sai na ce wa Baban Walida mu je mu ga duniya. Muka sayi jakar goyo guda biyu a gwanjo, ƙannena suna ta dariya wai Anti Rakiya za ta koma aji ɗaya. Otal kuwa ko tunaninsa ba mu yi ba. Ajan ɗin da ya nema mana biza ya rubuta sunan wani don cika takarda kawai. Ina za a ce ka je garin da amininka yake ka sauka a otal? Ai zagi ne.

Mun sauka da hantsi. Baban Walida ya kira Tasi'u sau huɗu ba a ɗauka ba. A na biyar ya ɗauka, murya can ƙasa.

"Habibu, da gaske kun zo?"

"Da wasa muka zo. Ga mu a filin jirgi."

 Ya ce ai tafiya ta kama shi zuwa garin Yiwu, sai jibi, mu nemi Alhaji Mudi a benen Tianxiu tukuna. Na kalli maigidana, ya kau da kai yana gyara igiyar jakarsa.

Alhaji Mudi ɗan ajinsu ne shi ma, yana da ofishin tura kaya a wani hawa na wannan dogon bene. Tun daga lifta nake jin Hausa iri-iri, ta Kano, ta Maraɗi mai haɗe da Faransanci, da ta 'yan Kumasi. Raina ya yi fari, na ce ashe gida muka zo. Mudi ya rungume maigidana, ya sa aka kawo shayi, ya ce yau ba shi da wani aiki sai mu. Ko jakunkuna bai ce mu ajiye ba ya kwashe mu sai kasuwar Baima. Hawa bayan hawa, shago bayan shago, ko'ina sai ya nuna mu ya ce wa mai shagon, "Lawban," wato maigida, "manyan baƙi daga Kano." A fito da abaya, a fito da gyale, a danna lissafi a na'ura a miƙo min. Ina ta cewa ya yi kyau, ina ta murmushi, kafaɗuna kamar za su cire. Daga nan ya ja mu Liwan, wajen masu sarƙa da awarwaro. Sai wajen la'asar ya tsaya ya ce, "To Hajiya, kwantena za ku yi ko kago?"

Na ce, "Wace kwantena, Alhaji? Mu fa zumunci muka zo."

"Zumunci?"

"Zumunci da buɗe ido."

Wallahi a gabana fuskarsa ta sauya. Nan take wayarsa ta fara samun kira, kiran da mu ba ma jin ƙararsa. Ya ce kwastam sun riƙe masa kaya, ya ce gidansa cike yake da 'yan Zinder, ya ce mu ɗan jira shi a nan minti goma. Muka jira awa ɗaya da rabi a gindin wata bishiya, a tsaye, masu babur ɗin lantarki suna gilmawa ta gabanmu babu ko ƙara. Mudi bai dawo ba, kuma har muka bar ƙasar ban sake ganinsa ba.

Dole ta sa muka shiga neman otal ɗin da muka raina. Na farko yarinyar da ke kan tebur ta kalli fasfo ɗinmu ta ce, "Meyo." Na biyu, meyo. Na uku ko fasfon bai karɓa ba, ya kaɗa hannu tun daga ƙofa. A ranar na koyi cewa meyo babu ke nan, kuma na koye ta da kyau. Ƙafafuna suka kumbura a cikin takalmi. Na tuna a daidai lokacin Walida na can gidan Innata ana tuƙa tuwo, sai hawaye suka zo min, na mayar da su faɗa. Na ce wa Baban Walida, "Abokanka ke nan. Ka gan su." Ya cire gilashinsa. Shi haka yake, in ransa ya ɓaci sai ya yi ta share gilashinsa da bakin riga.

Wata mata ce ta cece mu. Mun koma Xiaobei, unguwar da ofishin Mudi yake, muna zaune a bakin wata gada sai ta tsaya a kanmu, riƙe da ledar kayan miya, ta ce, "Ina wuni? Ku baƙi ne, ko? Jakunkunan nan sun faɗa." Maman Zara sunanta, 'yar Maraɗi, tana sayar da abinci a wani ɗaki a saman bene. Ta hau da mu, ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar kuka, ta kawo min ruwan ɗumi a roba na tsoma ƙafafuna. Da maigidana ya sa hannu a aljihu ta ce, "A'a, Malam, sa sufi. Bar shi." Ita ta kira wani ƙaramin otal da ke karɓar baƙaƙen fata ta kama mana ɗaki. Muna fita ta ce, "Madam, ki riƙe wannan. A otal su za su rubuta ku. Amma duk gidan mutum da kuka kwana, doka ce a kai sunanku ofishin 'yan sanda kafin kwana ya zagayo. Ba sa wasa da ita. In an kama ku ba ku yi ba, sai tara, wani lokaci har a ɓata muku fasfo." Na riƙe kuwa. Ni da nake korar yaro daga aji saboda bai sa safa ba, ai ba a gaya min doka sau biyu.

Kwana biyu muka yi a otal ɗin. Jibin Tasi'u ta zo, ya ce gobe. A nan haƙurina ya ƙare. Baban Walida yana banɗaki na ɗauki wayarsa na danna saƙon murya. Har yau ina iya maimaita shi.

"Tasi'u, ni ce Rakiya. In ba ka son mu zo gidanka ka faɗa mana, ba sai ka yi ta mana yawo da hankali ba. Shekara goma sha biyu kana cewa gida namu ne. Ashe a waya ne. Ba komai, mun gode, za mu koma mu gaya wa mutanen Fagge mun ga China amma ba mu ga ƙofar gidanka ba."

Ba a yi minti biyar ba ya kira. Ya ce mu shirya, ga shi nan zuwa.

Ya zo da hular sanyi a tsakiyar zafi, da takunkumi a fuska. Ya rame. Suka rungume juna shi da Habibu suka daɗe, ni ina gefe ina cika ina batsewa, ina jin na yi nasara. Na lura bai shigo cikin otal ɗin ba, a tsallaken titi ya tsaya. Na lura bai bi da mu ta jirgin ƙasan da ke ƙarƙashin ƙasa ba, inda ake da jami'ai a kowace ƙofa, sai bas, daga wannan mu sauka mu hau wancan, har uku. Na lura da duka, amma fassarar da na yi musu ita ce rowa. Har na raɗa wa maigidana, "Abokin naka ko motar haya ba zai ɗaukar mana ba?"

Gidan yana wata unguwa a bakin Foshan, garin da ke maƙwabtaka da Guangzhou, lungu ne matsattse, benaye sun kusa haɗa goshi. Ɗaki biyu ne a hawa na biyar. Matarsa 'yar ƙasar ce, Lan, ta musulunta ana kiranta Maryama. Ta tarbe mu da "Sannu da zuwa" da ta sha haddacewa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Habibu. Sai ga wata 'yar yarinya ta leƙo daga bayan labule, shekararta biyar, gashi cunkus, idanu irin na uwar, goshi kuwa na Tasi'u sak. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, suna kiranta Ummi. Tasi'u ya ce, "Zo ki gaida Baffa da Anti." Ta zo ta ce, "Ina kwana," alhali yamma ce, muka kwashe da dariya.

Ba zan ɓoye alherinsu ba. Suka bar mana ɗakinsu da gadonsu, su uku suka koma falo a kan katifa. Maryama ta yi mana miyar taushe da kabewar China, ta yi daɗi fiye da yadda na zata. Maza biyun suka zauna suna tuna malaman da suka zane su, suna dariya har da tari. Ummi ta maƙale min, na yi mata kalaba guda shida, ta yi ta kallon kanta a madubi. A wannan yammacin na ce a raina, to yanzu tafiya ta yi kyau.

Washegari da safe na ce, "Tasi'u, maganar rajistar nan fa, ta 'yan sanda."

Ya ce, "Bar min wannan, matarmu. Ni zan yi."

Da yamma na sake tambaya. Ya ce ofishin sun tashi, sai gobe. Gobe ta yi, ya ce mutumin da ya sani a can ba ya nan. Maryama tana jin mu, ta sunkuyar da kai tana yanka albasa. Na ja Baban Walida ɗaki na ce, "Ka ga irin halin namu ko? Gobe, gobe, har a ɓata mana fasfo. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ba zan koma da tabo ba." Ya ce, "Rakiya, mai gida ya ce ki bari, ki bari mana. Ya fi mu sanin garin." Na ce ai sanin garin ne ya sa ya bar mu a titi kwana biyu. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya ɗauki gilashinsa.

Rana ta uku Juma'a ce. Maza suka tafi masallaci tun da wuri saboda nisa, Maryama ta tafi shagon da take aiki, ta ajiye Ummi a makarantar renon yara. Na zauna ni kaɗai ina ta saƙa da warwara. Sai idona ya faɗa kan wani kwali a bayan ƙofa, da adireshin gidan manne a jiki da rubutunsu. Na yage takardar, na ɗauki fasfo biyu, na sa hijabi na sauka. Har ina jin daɗi, wai zan ɗauke wa Tasi'u wahala, in ya dawo in nuna masa yadda ake abu a kan lokaci.

Ofishin ba nisa. Jami'ar da na samu yarinya ce mai fara'a, ta ba ni kujera, ta ba ni ruwan zafi a kofin takarda. Muna magana ta wayarta, ta faɗa da yarensu wayar ta juya min. Ta ce gidan da sunan wata mata aka kama shi, mece ce alaƙarmu da ita? Na ce ai mijinta ne abokinmu, ɗan Najeriya, shekararsa goma sha biyu a nan. Da alfahari na faɗa. Ta turo min takarda ta ce in rubuta cikakken sunansa. Na rubuta. Ta danna a kwamfuta, ta sake dannawa, fara'ar ta ragu. Ta tashi ta kira wani babba, suka yi magana ƙasa-ƙasa suna kallon allon. Sannan ta buga mana tambari, ta miƙo min da hannu biyu ta ce shiye-shiye, wato na gode. Ni ma na ce shiye-shiye. Na fito har da tsayawa sayen lemo.

Suna dawowa daga masallaci na ajiye takardar a kan tebur na ce, "To, an wuce wurin. Ba sai ka wahala ba."

Tasi'u ya ɗauka ya duba. Ya zauna a hannun kujera a hankali. Ya ce, "Sunana kika ba su?"

"Sun tambaya."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sau ɗaya ya faɗa, ba da ƙarfi ba. Habibu ya ce, "Mene ne? Tasi'u, mene ne?" Sai a lokacin ya yi maganar da ya kamata a yi tun muna Kano. Takardunsa sun mutu tun zamanin korona, shekara huɗu ke nan. Aurensu a masallaci aka ɗaura, hukuma ba ta san da shi ba, yanzu kuwa ba a yi wa marar takarda rajistar aure. In ya kai kansa za a mayar da shi gida a hana shi dawowa, Ummi kuwa 'yar ƙasa ce, da sunan uwarta aka rubuta ta. Shi ya sa ba ya shiga otal, ba ya hawa jirgi, ba ya zuwa Yiwu. Ranar da muka sauka yana nan cikin ɗakin nan yana kallon wayarsa tana ƙara.

Na ce, "To ka gudu mana! Ka tashi yanzu!"

Ya ce, "In tafi ina? Su zo su samu Maryama?"

Bai gudu ba. Ya shiga ya sauya riga, ya cire agogonsa ya ajiye a kan firji, ya kira matarsa ya yi mata magana da yarensu. Kafin la'asar suka zo, su uku, da ladabinsu, babu duka babu zagi. Suka duba fasfonmu da takardar da na karɓo, suka ce namu lafiya lau. Na ji kalmar nan kamar an watsa min ruwan zafi. Habibu ya bi su har ƙasa yana ta magana da Turanci, da Hausa, yana cewa a tafi da shi a maimakonsa. Ni ko matakalar ban iya sauka ba.

Maryama ta dawo da Ummi a hannu. Ba ta yi min ihu ba, da ma ta yi. Ta shiga kicin ta daɗe. Muka haɗa jakunkunanmu, don babu fuskar da za mu sake kwana a gadonta. Muna bakin ƙofa ta fito da leda, dafaffen ƙwai da burodi da lemon da na sayo, ta miƙa wa Habibu ta ce da Hausarta mai karyewa, "Baban Ummi ya ce baƙo ba ya tafiya hannu banza." Ummi ba ta san abin da ake ciki ba, ta ɗaga mana hannu ta ce, "A gaida gida."

Sauran kwana tara da suka rage mana a Xiaobei muka yi su, daga wannan ofis zuwa wancan, daga shugabannin 'yan Najeriya zuwa wani lauya. Kowa ya ji labarin sai ya kalle ni. Maman Zara da na gaya mata ta dafe kai ta ce, "Wayyo Madam! Ai mai gida ake fara tambaya. Na zaci kowa ya san wannan." Ban sani ba. Na san tsawon kogin da ya ratsa garin, na san yawan ruwan saman da suke samu, amma wannan ban sani ba. Maigidana bai taɓa ce min ke kika ja ba. A jirgin dawowa awa goma sha wani abu muna zaune kafaɗa da kafaɗa, abin da ya ce min kawai shi ne in miƙo masa ruwa.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka sauke Tasi'u a Najeriya da kayan jikinsa, da tambarin hana shi komawa na shekaru. Muka je gaishe shi a gidan yayansa a Fagge. Ya fito da fara'a, ya ce, "A'a, matarmu! Ku shigo, ku shigo." Ya sa aka shimfiɗa darduma, aka kawo fura. Wannan fara'ar ta fi min zagi ciwo. Na sauka daga kan dardumar na durƙusa a kan siminti na ce, "Tasi'u, ka yafe min. Ni na kai ka."

Ya ce, "Haba, tashi don Allah. Ƙaddara ce. Ba komai."

A nan Habibu ya fashe. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba a shekara goma sha shida, ya buga hannu a ƙasa har fura ta zube. "Da komai! Wallahi da komai! Me ya hana ka gaya min? Kalma ɗaya, Tasi'u! Ka ce Habibu kada ku zo gidana, ba ni da takarda. Ni ne fa!"

Tasi'u ya daɗe yana kallon furar da ta zube. Ya ce, "Saboda kai ne. Da wani ne da na faɗa. Kai ka taso tun daga Kano da iyalinka, in buɗe baki in ce maka ba ni da wurin da zan sauke ka?"

 Can wayarsa ta yi ƙara, kiran bidiyo, ya duba ya miƙe da sauri yana goge fuska da hannun riga. Kafin ya kai ƙofar ɗaki ya ɗauka, na jiyo muryar Ummi tana zuba da yarensu, ta sako jimlar Hausa guda ɗaya a tsakiya: "Baba, baƙin sun tafi, ka dawo."